Iskar ko-ta-kwana a ƙarƙashin teku: oktofus, ɗan gwangwani ko silindar foni?

Salamu alaikum jama'a. Yau maganar nutso zan yi, nutso da silinda a teku, kuma akan abu ɗaya kacal, wato iskar da zaka koma kanta in wacce kake shaƙa ta yanke kana can ƙasa. Tun da na shiga harkar nan anan Jidda na lura yawancin waɗanda muke shiga ruwa tare, da Larabawa da 'yan Filifin da Turawa da mu Hausawa 'yan ƙalilan da muka tsunduma ciki, in ka tambayi mutum meye tanadinka in iska ta yanke sai ya ɗago maka tiyon nan mai ruwan ɗorawa dake rataye a ƙirjinsa yace ai ga oktofus. To anan nake da ja, kuma ja mai ƙarfi, don wallahi wannan amsar tana damuna duk sanda naji ta daga bakin wanda yake shirin sauka mita 30.

Ga wanda bai san kayan ba bari in ɗan fayyace. Silindar da muke goyawa anan Bahar Maliya yawanci ta alminiyam ce mai lita 11 zuwa 12, ana cika ta zuwa bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsi), kaga kenan iskar dake ciki in aka sake ta a sarari zata kai lita 2200 zuwa 2400. A bakin bawul ɗinta ake ɗaura kan regileta, shi ne yake karya ƙarfin iskar daga bar 200 ɗin nan ya maido ta wajen bar 9 ko 10 sama da matsin ruwan da kake ciki, daga nan tiyoyi su fita, ɗaya zuwa abin bakinka, ɗaya zuwa jaket ɗin da kake hurawa don kada ka nitse ko ka taso ba shiri, ɗaya zuwa geji mai nuna maka iskar da ta rage, na huɗun kuma shi ne oktofus, abin baki na biyu. To ka gani duka daga kai ɗaya suka fito kuma daga silinda ɗaya. Famfo biyu ne a jikin tanki ɗaya, ranar da tankin ya ƙafe ba wanda zai ɗiga. Oktofus ɗin dake jikinka na abokinka ne, naka kuwa yana ƙirjin wani mutum daban, kuma amfaninsa gareka ya danganta da inda mutumin nan yake a daidai daƙiƙar da ka ja numfashi kaji wayam.

Ina yake? Nan fa ake yinta. A aji an koya mana kai da abokin nutsonka kada tazararku ta wuce inda zaka kai gareshi da bugun ƙafa biyu uku, amma duk wanda ya hau jirgin masu nutso ya san yadda abin yake a zahiri. Kaje kai kaɗai, a kan jirgi ɗan jagora ya duba takarda yace kai da wane ku haɗu, mutumin da ko sunansa baka gama riƙewa ba, wani ma yarenku ba ɗaya ba, ku faɗa ruwa ya zaro kamara ya hango kunkuru shikenan ya manta da kai. Kuma ruwan Bahar Maliya garau yake, sau da yawa kana hango mutum daga mita 20 ko fiye, sai idonka ya yaudare ka kaga kamar kusa yake. Mita 20 a ƙarƙashin ruwa da silinda a baya, ba iska a huhu, ga igiyar ruwa tana tura ka baya, tafiya ce mai nisan gaske. Kuma mutane basa lura da cewa yawanci bayan ka fitar da numfashi ne zaka gane ba iska, lokacin huhunka fanko yake.

Ba tsoratarwa nake ba. Ƙungiyar DAN dake Amurka, wacce tun 1980 take bibiyar haɗurran masu nutso, ta taɓa nazarin mutuwar mutum 947 da suka faru tsakanin 1992 da 2003, aka fitar da sakamakon a 2008, kuma a cikin waɗanda aka gano mafarin matsalar, ƙarancin iska ko ƙarewarta ne ya zo na ɗaya da kashi 41 cikin ɗari, maƙalewa a wani abu kashi 20, matsalar kayan aiki kashi 15. Kaga abin da yafi komai jawo ajali shi ne abin da yafi komai sauƙin kaucewa, kallon geji. Shi yasa kafin in ce ma kowa ya sayi komai nake cewa ya fara gyara ɗabi'arsa ta duba geji, duk 'yan mintuna ka duba, ka san nawa ya rage tun kafin ka duba ma. Amma ko mai duba geji yana iya gamuwa da abin da ba laifinsa ba. Robar zoben dake tsakanin bawul da kan regileta tana iya fashewa, kan regileta yana iya ƙin rufewa iska tayi ta kwarara, tiyo yana iya tsagewa, kuma abin mamaki tiyon abin baki in ya fashe yafi na geji saurin zubar da silinda nesa ba kusa ba, don na gejin ƙofarsa 'yar mitsitsiya ce kamar bakin allura. Akwai kuma bawul da ba'a buɗe sosai ba, a sama kana shaƙa lafiya lau, kana sauka ƙasa sai kaji iska tana zuwa da ƙyar allurar geji tana rawa duk sanda ka ja.

Yanzu lissafi, kuma don Allah kada kowa ya tsallake wannan wajen don shi ne gaba ɗayan maganar. Duk mita 10 da ka sauka a teku matsin dake kanka yana ƙaruwa da bar ɗaya, a sama bar 1, a mita 10 bar 2, a mita 30 bar 4, kuma iskar da regileta take baka dole ta zo daidai da wannan matsin, kenan numfashi ɗaya a mita 30 yana cin ninki huɗu na abin da yake ci a sama. Mutum a natse yana shan wajen lita 15 zuwa 20 a minti in aka auna da ma'aunin sama, amma wanda iska ta yanke masa ba a natse yake ba, zuciya na bugawa, numfashi sama sama, to mu ɗauka lita 30 a minti, kuma wannan ma sassauci nayi don mai firgici yana wuce haka. Kana mita 30 abin ya faru. Minti ɗaya ka canja abin baki ka dawo hayyacinka ka nemi igiyar jirgi ko abokinka, lita 120 kenan. Tasowa daga mita 30 zuwa mita 5 a gudun mita 10 a minti, minti biyu da rabi, ya ci wajen lita 205. Tsayuwar kariya, wato ɗan dakatawar da ake yi kafin a fito don jiki ya rage iskar da ya tsotsa a ƙasa, ta minti 3 a mita 5, lita 135. Ƙarasawa sama a hankali, wajen lita 40. Ka tara, lita 500 cif kusan. Wannan lambar nake so kowa ya riƙe, duk abin da mai shago zai nuna maka ka tambaye shi lita nawa yake ɗauka sai ka ɗora akan 500.

Ka ɗora ta akan oktofus ma. In ku biyu ne kuke shaƙa daga silinda ɗaya lita 1000 kuke buƙata, a silinda mai lita 12 wajen bar 85 kenan. To mu kuma an saba mana da cewa ka fito da bar 50, har jan fenti aka yi ma wajen a fuskar geji, amma bar 50 lita 600 ce kawai, ta ishi mutum ɗaya bata ishi biyu daga mita 30 ba. Kuma ka tuna yaushe iska take ƙare ma mutum, ai a ƙarshen nutso ne, lokacin da shima abokin nasa tasa ta ja baya. Na taɓa ganin irin haka a Thistlegorm, jirgin ɗaukar kaya na Ingila da jiragen saman yaƙin Jamus suka nutsar a watan Oktoba 1941, yana kwance a wajen mita 30 a arewacin Bahar Maliya ta ɓangaren Masar da babura da manyan motoci har yanzu jere a cikinsa. Wajen akwai igiyar ruwa mai ƙarfi, dole ta jikin igiyar da aka ɗaure jirginku zaka hau don saman ruwan cike yake da jirage, kuma kallon kayan cikin yana ɗauke hankali sosai. Wani bawan Allah ya iso gindin igiya yana yanka wuya da hannu, alamar ba iska, ɗan jagora ya cusa masa oktofus suka hau tare a manne, Allah ya kiyaye suka fito lafiya, amma da na kalli idon mutumin ta cikin gilashi na san da ɗan jagoran nan ya yi nisa da 'yan mitoci kaɗan da labarin ya canja.

Wasu zasu ce ai an koya mana tasowar gaggawa, ka bugo ƙafa zuwa sama kana fitar da iska kana cewa aaaa. Gaskiya ne an koya, amma PADI, ƙungiyar koyar da nutso, da kanta daga zurfin da bai wuce mita 9 ba take koyar da ita, ba daga 30 ba. Kuma anan ina da jan kunne na musamman ga irina da muka koyi ruwa a rafi da kududdufi da dam, don mu abin da jikinmu ya sani shi ne in ka nutsa ka riƙe numfashi gam har ka fito. A rafi wannan daidai ne, iskar sama ka shaƙa ka sauka da ita ka dawo da ita. Da silinda kuwa iskar da ka shaƙa a mita 10 in ka riƙe ta ka taso zata kumbura ninki biyu a huhunka, huhu ya yage, kumfar iska ta shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa, kuma ko daga zurfin da bai kai mita biyu ba hakan na iya faruwa. Wanda ya firgita kuma tsohuwar ɗabi'arsa yake komawa. Saboda haka ni a wajena duk abin da zai sa mutum ya ci gaba da numfashi yayin tasowa ya fi ya taso ba komai a baki.

Wannan ya kawo mu ga ɗan gwangwanin nan da ake kira Spare Air, wanda wani Ba'amurke Larry Williamson ya ƙirƙiro a 1979 bayan shi kansa iska ta taɓa yanke masa a ruwa. Abu ne ƙarami mai kyan gani, abin bakinsa a kansa yake ba tiyo, kana maƙala shi a jaket, kana iya cika shi daga babbar silindarka, ba nauyi a tafiya. Wanda aka fi gani yana ɗaukar wajen lita 85, akwai ƙaninsa mai wajen lita 48. To ɗora 85 akan lissafinmu. A mita 30 mai shan lita 30 yana cin lita 120 a minti, kenan bai kai daƙiƙa 45 ba ya ƙare, ko ka fara tasowa nan take ba zai kai ka sama a gudun da ya dace ba balle tsayuwar kariya. Amma ba zan ce bashi da amfani ba, don daga mita 10 tasowa ta minti ɗaya wajen lita 45 take ci, ya isa har da saura, daga mita 18 ma zai fitar da kai in baka ɓata lokaci ba ka taso da ɗan sauri, ko ya baka 'yan numfashin da zaka kai ga abokinka. Mai nutso a bakin gaɓar Abhur anan Jidda yana kallon murjani a mita 8 zuwa 12, in ya ɗauke shi ba zan hana shi ba. Abin da nake tsoro shi ne wanda zai rataya shi ya ji zuciyarsa ta kwanta ya sauka mita 30 yana ganin ya yi tanadi.

Ni abin da na tsaya akai shi ne silindar foni, 'yar ƙaramar silinda mai bawul ɗinta da regiletarta da gejinta, ba abin da ya haɗa ta da babbar. In babbar ta ƙare ko kanta ya lalace ko tiyo ya fashe, ita ba ruwanta. Girma girma ce, akwai mai lita 2 da take ɗaukar wajen lita 370 zuwa 400, akwai ta alminiyam mai lita 2.7 da take ɗaukar wajen 540, akwai mai lita 3 wacce masu nutso a Ingila suka fi so, a bar 200 lita 600 kenan, sannan mai lita 4 da ɗoriya da mai lita 5.7. Ka cire bar 10 zuwa 15 na ƙarshe daga lissafi don regileta bata bada iska da kyau in matsin ya yi ƙasa haka. Ga mita 30 mai lita 3 ta yi daidai, mai 2.7 tana bakin iyaka, mai lita 2 sai dai ka haƙura da kusan duk tsayuwar kariya. In kuwa kana zuwa mita 40, wanda shi ne iyakar nutson nishaɗi, irin wannan lissafin yana bada wajen lita 660, kaga mai lita 3 ta gaza, sai ka nemi mai 4 zuwa sama. Tawa mai lita 3 ce don ni na yanke ma kaina mita 30.

Kuma kada ka ɗauki lita 30 ɗin da na faɗa ka zauna akai, auna naka. Ka tsaya a mita 10 kayi iyo yadda ka saba na minti 10, ka duba bar nawa suka tafi, misali bar 30 a silinda mai lita 12, lita 360 kenan, raba da minti 10 ya zama 36, raba da 2 saboda matsin mita 10 ya zama lita 18 a minti. Sai ka ninka shi biyu don ranar tashin hankali. Mai ƙaton jiki ko sabon shiga zai ga nasa ya fi haka, to foninsa ma ta fi girma.

Inda ake ɗaura ta ma magana ce babba kuma mutane sun rabu biyu. Wasu suna ɗaure ta a jikin babbar silinda a baya, gaba ya zama ba cunkoso, hannu a sake. Matsalar ita ce baka ganinta, in tana yoyo baka sani ba, bawul ɗin da wuya hannunka ya kai, sannan yanzu abin baki uku ne suke zagayowa ta kafaɗarka. An sha samun wanda ya faɗa ruwa da abin bakin foni a bakinsa yana zaton na babbar ne, yana duba geji yana ganin bar 200 bata motsi yana jin daɗi, bayan 'yan mintuna a ƙasa iska ta yanke, ya laluba abin da yake zaton foni ne ko ya rasa shi gaba ɗaya a ruɗe alhali ga silinda cike a bayansa. An yi asarar rayuka ta haka. Shi yasa ni a gefe nake rataye tawa, ƙugiya ɗaya a zoben ƙirji na hagu ɗaya a zoben ƙugu, tiyon a naɗe cikin roba a jikinta, gejin yana kallona, bawul ɗin a ƙarƙashin hannuna, in ta maƙale a wani abu in cire ta, in wani ne ya shiga matsala in iya miƙa masa ita ɗungurungum. Farko zaka ji ta tana damunka tana karkatar da kai gefe, sai ka matsar da dalmar da kake ɗaurawa don ƙarin nauyi kaɗan zuwa ɗaya gefen, bayan 'yan shiga ruwa zaka manta tana nan. Wasu suna buɗe bawul su cika tiyo sannan su rufe don kada ta zube ba'a sani ba, wasu suna barinta a buɗe. Ni a buɗe nake barinta tunda tana gabana kuma duk kumfar da ta fita zan gani, bana so ranar da nake neman numfashi in tsaya murɗa wani abu. Wanda ya zaɓi rufewa ba laifi, amma ya maimaita buɗewar har hannunsa ya haddace.

Sharaɗi ɗaya ne bana sassauci akansa, iskar foni bata cikin lissafin nutso. Ba'a taɓa ta don a ƙara minti biyar wajen kallon kifi, ba'a cewa bari in shanye babbar tunda ga ƙarama. Ranar da ka sa ta a baki ba don gwaji ba to nutson ya ƙare, sama za'a nufa. Kuma abin da ke cikinta ya zama wanda zaka iya shaƙa a mafi zurfin inda zaka je, shi yasa iska zalla tafi kwanciyar hankali, don in ka cika ta da naitiros mai oksijin da yawa akwai zurfin da in ka wuce shi oksijin ɗin kansa zai iya jawo farfaɗiya a ruwa, mai kashi 32 misali iyakarsa wajen mita 33 ne.

Sauran hanyoyin bari in bi ta kansu da sauri. Akwai abin baki da aka haɗe da tiyon hura jaket, irin Air2 na Scubapro, yana rage tiyo ɗaya, amma in abu ya faru na bakinka zaka bayar kai ka koma kan wannan gajeren, kana shaƙa da shi kana kuma sakin iskar jaket da shi a lokaci ɗaya, yana son sabo sosai, kuma har yanzu silinda ɗaya ce. Akwai bawul mai baki biyu da ake ɗaura kan regileta biyu a silinda ɗaya, wannan maganin lalacewar regileta ne ba maganin ƙarewar iska ba, kuma ya fi amfani a ƙasashen sanyi inda regileta take ƙanƙara ta ƙi rufewa. Ƙa'idar Turai ta gwajin regileta, EN 250, tana ɗaukar duk ruwan da bai kai digiri 10 ba a matsayin ruwan sanyi, kuma a bugunta na 2014 an nuna oktofus ba shi ne zaɓin da ya dace ba a irin wannan ruwan ko a zurfin da ya wuce mita 30, gara tanadi mai zaman kansa. Mu nan ruwanmu ko da hunturu yana sama da digiri 20, sanyin bai shafe mu ba, amma zurfin ya shafe mu. Sai silinda biyu a baya ko ɗaya a kowane gefe, wannan shi ne cikakken tanadi amma ya fara shiga wani fagen, da kwas ɗinsa da nauyinsa da kuɗinsa.

Wanda nake ganin ya cancanci a tsaya akansa shi ne dogon tiyo, tsarin da ya fito daga masu nutso a kogunan ƙarƙashin ƙasa na Fulorida kuma wata ƙungiyar koyar da nutso mai suna GUE ta yaɗa shi. Abin bakin da kake shaƙa yana kan tiyo mai mita 1.5 zuwa 2.1 a zagaye da jikinka, na biyun kuma yana rataye a wuyanka da roba dab da haɓa. Wani ya zo ba iska sai ka miƙa masa na bakinka wanda ka tabbata yana aiki, kai ka sunkuyar da kai ka ɗauki na wuya. Hikimar ita ce mutumin da ya firgita dama na bakinka yake fizga, ba ya tsayawa neman mai ruwan ɗorawa, kuma oktofus ɗin mutane da yawa yana can yana jan yashi ko an cusa shi a aljihu. Su mutanen wannan tsarin basa son foni, suna cewa abokinka shi ne tanadinka, ku lissafa iskar tasowar mutum biyu tun a sama ku tsaya kusa da juna. Kuma suna da gaskiya in kana da abokan da kuka horu tare kuke shiga ruwa tare kullum. Ni dai rayuwata ba haka take ba, yau da wannan gobe da wancan, kuma ina ganin yawancin masu karanta wannan haka suke. Kwasa-kwasan dogaro da kai ma, na ƙungiyar koyar da nutso ta SDI da na PADI, duka suna sharɗanta nutso 100 kafin a karɓe ka kuma dole ka zo da iska ta biyu mai zaman kanta.

Foni tana da wahalarta, kada in ɓoye. Regileta ce ta biyu da zaka saya kuma ka riƙa kai ta sabis, silindar ma tana son a leƙa cikinta duk shekara a kuma yi mata gwajin matsi lokaci lokaci, a Amurka duk shekara biyar ne. In zaka hau jirgin sama dole ka zubar da iskar ka kwance bawul ɗin yadda jami'an tsaro zasu iya leƙa ciki, can kuma ka nemi wanda zai mayar ya cika maka, wasu wuraren suna bada haya in ka tambaya tun kafin ka taso, sai ka tafi da regiletarka da ƙugiyoyinka kawai. Ka duba kuma irin bakin bawul ɗin, na murɗawa ne da ake kira DIN ko na maƙalawa, don kada kaje kan jirgi kaga basu dace ba.

Sannan gwaji. Kayan da baka taɓa zarowa a ruwa ba ranar tashin hankali ba zai zaru ba. Ni a tsayuwar kariya nake yi, a mita 5 inda ba abin da nake sai jiran minti 3 su cika, in cire na bakina ina sakin 'yan kumfa, in zaro na foni in danna in kore ruwan ciki in ja numfashi kaɗan, in koma, in naɗe tiyon in mayar, wani lokacin ido a rufe. Bayan an fito sai a ƙara mata iska. Kafin a faɗa ruwa kuma duk wanda aka haɗa ni dashi sai na nuna masa inda oktofus ɗina yake na ce ya nuna min nasa, na shaƙi nasa ya shaƙi nawa, na gaya masa wannan ta gefen tawa ce amma in ya matsu zan bashi, sannan mu yi yarjejeniya cewa in muna mita 30 duk wanda gejinsa ya fara taɓa bar 90 zai yi alama mu fara hawa tare, a ƙarasa kallon a mita 15 ko 10 inda iska take daɗewa.